Injin Zuƙe Iska na Maigida

Litinin, 5 ga Mayu

Warin ƙuna ne ya sa na gane. Ba ganinsa ba, don sau biyu na wuce ta gabansa ban gane komai ba. Yau wata biyar, sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta.

Maigida yana zaune a kujerar roba gaban mota, bonet a buɗe, kansa a sunkuye wajen gejin nan mai allura biyu, injin zuƙe iska yana ta ƙara a ƙasa. Haka yake zama duk sanda ya taɓa esi, abin sanyaya mota. Awa guda cur ba motsi, ba amsa magana, wai yana kallon allura. Na fita shanya na ce, "To Injiniya, a tausaya wa kunnuwanmu." Bai tanka ba. Na dawo da bokiti na ce abinci na hucewa. Shiru. Na ja tsaki na shige ɗaki, har na ɗan kishingiɗa. Can ƙarar ta sauya ta koma kamar tari, sannan ta tsaya, wari ya shigo ta taga. Mutumin da ba ya barin fanka tana juyi a ɗakin da ba kowa, shi ne zai zauna yana kallo injinsa ya ƙone? Ina tsaye da takalmi ƙafa ɗaya na san ya tafi.

Likita ya ce zuciya ce, nan take, ko ina riƙe da hannunsa ba abin da zan iya. Haka suke gaya wa kowa.

Ni na sa shi gyaran. Sati uku ina masa mitar zafin mota.

Laraba, 7 ga Mayu

Yaya ya zo, wan maigida. Ko ruwan da na ajiye masa bai sha ba. Motar tare suka saye ta, takardu da sunan Yaya, wannan kowa ya sani, amma sai da ya maimaita min sau biyu kamar ina musu. Wai ya samo mai saye, ƙarshen wata zai zo ya ɗauka. Mutumin yana so esi ya yi sanyi, don haka gobe zai turo mai gas ya ƙarasa.

Na ce ba wanda zai taɓa ta.

"Ƙanwata, mota ce fa, ba kabari ba."

Abin da ya faɗa ke nan, a tsakar gidana. Yana magana ya ba rumfar motar baya, ko sau ɗaya bai juya ba. Ƙaninsa ya mutu a wajen, amma shi kallon ma bai ishe shi ba.

Na ce aikin da mai shi ya fara, ni zan ƙarasa. Ya yi dariya ta hanci, ya ce an yi Injiniya ba takarda, yanzu kuma ga matarsa. Ya ba ni zuwa ranar Lahadi ashirin da biyar. Idan ba sanyi, mai gas ya yi nasa.

Ban san yadda ake yi ba. Ban gaya masa ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Duk da haka mai gas ya zo. Wai Yaya ya manta bai hana shi ba. Manta!

Ya shigo da tukunyar gas a kafaɗa, yana ta "Allah ya jiƙan Injiniya, mutumin kirki, sai dai wahalar da kai." Na tambaye shi ina nasa injin zuƙe iskar. Ya ce, "Hajiya, mu ba ma ɓata lokaci. A ɗan saki gas ya koro iskar ta wancan gefe, a rufe, a cika, shi ke nan. Minti goma kina rawar sanyi."

Wannan aikin ne maigida yake kira ha'inci. Ya ce iska tana fita amma damshi yana nan, ya zauna a ciki yana cin ƙarfe, bayan wata shida kwamfireso, zuciyar esin, ya mutu, mai mota ya koma wajen wanda ya kashe masa ya sake biya. Ban san na riƙe maganar ba sai da na ji ta tana fita daga bakina.

Ya ce, "Ai kin ga, shi ma haka yake wa mutane wa'azi."

Na buɗe masa ƙofa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Kowa yana da ra'ayi a kan motar nan, har maƙwabciya da ba ta san inda ake zuba mai ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Na shiga rumfar yau, karo na farko da na wuce bakin ƙofa. Auta ta riƙe min hannu kamar ni ce 'yar ajin da take koyarwa. Ranar da abin ya faru wani ya cusa komai cikin kwali, ban san wa ba. Geji yana nan da tiyo uku, ja da shuɗi da rawaya. Injin ya yi baƙi ta gefe, robar wayar ta narke. Akwai ɗan gilashi a gabansa da ake ganin mai. Babu ko ɗigo.

Shekara goma sha ɗaya yana lallaɓa abin nan. Yana canza masa mai kamar jariri.

Auta ta ce a kai a gyara. Na ce a'a. Ba na son in sake jin muryar wannan.

Ta zauna da waya tana karanto min iri-iri. Akwai mai zuƙa ɗaya, akwai mai zuƙa biyu, akwai ƙarami, akwai wanda ake yi wa manyan gidaje. Lambobi, lambobi. Kaina ya ɗauki zafi. Na ce ta rufe. Ta ce, "Mama, ke kika ce za ki yi." Na ce na sani, ba sai an tuna min ba. Bakin ubanta sak.

Talata, 13 ga Mayu

Layin masu kayan mota. Shago na farko, wani mai ƙaton ciki yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba. Na ce ina neman injin zuƙe iska na esin mota, wanda suke ce wa bakum.

"Wa ya aiko ki?"

Na ce ni na aiko kaina.

"Ki ce wa maigidan ya zo da kansa, kar ki sayi abin da za a dawo min da shi."

Na tsaya. Na ji kamar in ɗauki kwanon gyaɗar in kifa masa a ka. Na ce maigidan ba zai samu zuwa ba. Ban ƙara ba, don bai cancanci ya sani ba.

Sai ya jawo wani ɗan akwati kamar na sabulu, ba waya ba komai. Wai a haɗa shi da injin hura taya, yana zuƙa, ga araha, "daidai da ke." Na tuna akwai irinsa a gidanmu da, maigida ya mayar da shi abin danne takarda. Ya ce wannan yana motsa allura ne kawai ya faranta wa mai kallo, ba ya fitar da ruwa.

Na ce ya ajiye wa matarsa.

A hanyar dawowa na yi kuka a cikin motar haya, wata ta miƙo min hankici, na ƙi karɓa. Ban san me ta yi min ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Kai ma, Injiniya, ina da magana da kai.

Shekara talatin kana gyara abu da kanka. Famfo, firji, dutsen guga, keken ɗinkina. Ko sau ɗaya ba ka ce zo ki gani ba. Sai dai miƙo min sifana, riƙe min fitila, matsa daga hasken. Sannan ka koya wa duk gidan cewa idan ka zauna gaban allurar nan ba a yi maka magana. Ka horar da mu mu ƙyale ka. To mun ƙyale ka. Ka ji daɗi?

Da kana amsawa kamar sauran mutane, da shirun farko ya ishe ni.

Na wanke kofinka yau. Ba wanda ya sha da shi, na dai wanke.

Juma'a, 16 ga Mayu

Wani shago can ƙarshen layi, na wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na shiga da faɗana a shirye. Bai ba ni dalili ba, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ya tambayi irin motar, ya tambayi ko sana'a zan yi ko mota ɗaya ce. Na ce ɗaya. Ya ce to kar in bari kowa ya ɗora min babba, ƙarami ya isa, bambancin 'yan mintuna ne. Ya jera guda uku a kan kanta.

Na farko mai zuƙa ɗaya, mara nauyi. Ya ce yana yi, sai dai a ƙara masa lokaci.

Na biyu mai zuƙa biyu. Ya ce wannan ya fi kwashe damshi, kuma ya jona shi don in ji. "Kin ji? Ko jariri na barci ba zai tashi ba. Sai ki manta yana kunne."

Na ce ya kashe. Da ƙarfi na faɗa, har wani da ke sayen batir ya juyo.

Na uku shi ma mai zuƙa ɗaya ne, mai nauyi, mummuna, ƙararsa kamar ta wancan namu. Amma yana da bawul da ke hana mai komawa cikin mota idan wuta ta ɗauke. Kuma, in ji shi, idan ya yi zafi da yawa yana tsayawa da kansa, ba ya ƙonewa.

Na ce bayan minti nawa yake tsayawa?

Ya ce ya danganta, ba agogo ba ne, zafi yake ji.

Na ce idan an bar shi ba kowa, awa ɗaya? Biyu?

Ya cire tabarau ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Hajiya, je ki yi tunani, suna nan ba inda za su."

Ban yi masa sallama ba. Yanzu abin yana damuna kaɗan.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun yi da Auta. Ita na biyun take so, wai duk inda ta karanta shi ake yabo, kuma Baba ya daɗe yana cewa in ya samu hali mai zuƙa biyu zai saya. Gaskiya ne, ya sha faɗa. Na ce na ukun nake so.

"Saboda me?"

Na ce saboda bawul.

"Mama, jiya kika fara jin kalmar bawul."

Na ce da injin ubanta irin wannan ne, da ya tsaya da wuri, da na ji shiru na fito.

Ta ajiye cokali. Ta ce ko ya tsaya bayan minti biyar, Baba ya riga ya tafi, likita ya faɗa, ita ma tana wajen. Ta ce, "Ba esi kike gyarawa ba, kin sani ko?" Na ce yarinyar da na yi wa wanka ba za ta karanta min abin da ke raina ba. Ta tashi da kwanonta ta shige ɗaki.

Kwana takwas ya rage.

Litinin, 19 ga Mayu

Na sayi na ukun. Ba ruwan kowa.

Dattijon ya sa na kawo tiyon rawaya, ya gwada, bakin bai shiga ba. Ya nemo wani ɗan ƙarfe mai zare biyu ya haɗa su. Ya ce da na tafi haka, da na isa gida na zage shi. Na ce da ma na shirya. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ya ce injin ba mai a cikinsa, in zuba nasa na musamman har tsakiyar gilashi, kar in kuskura in sa man mota. Ya zana min a bayan kwali: shuɗi a babban bututu, ja a siriri, rawaya a injin. Mota a kashe. A kunna inji, a buɗe bawul ɗin geji duka biyu, a bar shi minti arba'in da biyar. A rufe, sannan a kashe inji, ba a kashe kafin a rufe ba. Sai a zauna rabin awa a ga ko allura za ta koma.

Ya ce tunda wata biyar abin yana shan iska, akwai wata 'yar tukunya mai tsotse damshi da dole a canza kafin a zuba gas. Amma in fara ganin ko motar tana riƙewa.

Na ce zaman rabin awar nan dole ne?

Ya ce, "Shi ne aikin. Sauran duk share fage ne."

Ashe ba iyayi yake mana ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Yaya ya zo tuna min da Lahadi, kamar ba ni da kalanda. Ya ga kwalin injin a falo, ya ce ashe da gaske nake wannan haukar. Ya ce in bar mamaci ya huta, in daina jan abu. Ya ce shi ya gaji da zuwa gidan nan yana ganin motar.

Na ce yaushe ka gan ta? Kai da ko juyawa ba ka yi. Na ce ƙaninka ya mutu a kujera kamar wanda ba shi da kowa, kai abin da ya dame ka mai saye. Na ce tun yana raye kake masa dariya, Injiniya ba takarda, Injiniya ba takarda, yanzu ka samu sarari ka share sawunsa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Bai daka min tsawa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi.

Ya zauna a hannun kujera. Ya ce ranar da abin ya faru ya zo. Wajen sha ɗaya da rabi. Ya tsaya a bakin ƙofar gida, ya hango shi zaune, ya yi sallama sau biyu. Ya ce, "Injiniya, in ka gama ibadar allurar ka kira ni." Da bai amsa ba, ya ɗauka fushin maganar da suka yi ne kwana biyu kafin nan, ya juya ya tafi.

"Taku goma ne tsakanina da shi, ƙanwata. Na ƙirga. Kullum sai na ƙirga."

Wata biyar bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Na ce masa ni sau biyu na wuce. Ban taɓa faɗa wa wani cewa biyu ne ba, Auta ma ɗaya ta sani.

Muka zauna. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Da zai tafi ya ce Lahadi dai tana nan. Na ce na sani.

Har yanzu ina jin haushinsa. Sai dai ban san inda zan ajiye shi ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na zuba mai har tsakiyar gilashi. Ya ɗan wuce, na rage da sirinji. Auta ta riƙe mazurari, ba mu yi maganar ranar nan ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Da safe, kafin rana ta yi zafi. Shuɗin ya shiga da sauƙi, jan sai da na danna da hannu biyu. Na duba kwalin dattijo ya fi sau biyar. Na kunna.

Ƙarar. Na ɗauka na shirya mata. Na zauna a kan bulo.

Allura ta sauka ƙasa da sifiri, ta yi ta tafiya har kusa da talatin ta tsaya. Wani ɗan hayaƙi-hayaƙi yana fita ta saman injin, dattijo ya ce haka yake yi, kar in tsorata. Na tsorata.

Auta tana kicin. Ba a yi minti biyar ba sai na ji, "Mama?" Na ce na'am. Can kuma, "Mama?" Na ce ina nan. Na uku na ce wai me kike so ne? Ta ce ba komai, gishiri take nema. Gishirin yana gabanta shekara ashirin. Daga nan ban jira ta kira ba, ina ganin an ɗan jima sai in ɗaga murya in ce allura tana nan. Ta ce to.

Minti arba'in da biyar. Na rufe, na kashe. Injin bai tsaya da kansa ba, ko zafin kirki bai yi ba. Na ɗora hannu a kai, ɗumi kawai.

Sai zaman. Ban taɓa sanin haka yake ba. Idan ka ɗauke ido sai ka ga kamar ta motsa, idan ka kafa ido sai ka ga kamar tana numfashi. Da wani ya yi min magana a lokacin, ni ma ba zan amsa ba.

Minti goma tana nan. Sha biyar tana nan. Na fara cewa a raina, ka gani ko, ka gani. Wajen minti ashirin ta ɗan ɗaga. Na ce idona ne. Rabin awa ta cika tana kan ashirin, tana hawa a hankali.

Motar yoyo take. Akwai inda iska ke shiga.

Na sake ɗaure tiyo, na sake yi tun daga farko. Haka dai.

Yaya ya zo da la'asar. Na gaya masa gaskiya, ba sanyi, ba ta ma riƙe ba. Na ce ya kira mai gas ɗinsa, ya cika ta, za ta yi sanyi sati biyu, mai saye ya tafi yana murna. Na miƙa masa makulli.

Bai karɓa ba. Ya wuce ni ya shiga rumfar. Ya daɗe a tsaye gaban gejin, hannu a baya. Sannan ya ce, "Ita wannan allurar, ina ya kamata ta tsaya?"

Na nuna masa.

Talata, 27 ga Mayu

Auta ta ce ta ji Yaya ya gaya wa mai sayen ya nemi wata motar. Ni bai gaya min ba, ban kuma tambaya ba. Ya dai aiko a ce Asabar zai zo da akwatin sifanarsa, wai tasa ta fi ta gidan nan kyau. Ƙarya ne, amma ya zo.

Na koma wajen dattijo, na gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce yawanci zoben roba ne a wata mahaɗa, ya ba ni kala-kala a leda. Ya ce in ba shi ba ne sai an sa wani ruwa mai launi a bi sawu. Na tambaye shi mai zuƙa biyun nan yana nan? Ya ce yana nan. Na ce tambaya kawai na yi.

Na ce wa Auta ta ƙara hannu a girkin Asabar. Ta dube ni, na ce kar ta fara.

Ban gano inda take yoyo ba. Ban canza tukunyar damshi ba. Ban zuba gas ba.